Darasi a Kan Auna Maganar Kamfanonin Kuɗi Kafin a Miƙa Musu Dukiya

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya dukiya amana a hannun bayinSa, kuma zai tambaye su ta inda suka samo ta da inda suka zuba ta. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka shaida amanarsa a fatauci tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi tallar kamfanonin da ke kiran jama'a su kawo kuɗinsu a juya musu, ko a ba su bashi cikin sauƙi, ko a koya musu cinikin kuɗaɗen waje da zinariya alhali suna zaune a ɗaki. Wannan talla tana iske mu ta salula da rediyo da bakin abokai. Kowane kamfani yana cewa shi amintacce ne, yana da izinin hukuma, ribarsa tabbatacciya ce, wani ma ya ƙara da cewa harkarsa ta dace da shari'a. Waɗanda ake kira kuwa su ne manomin da ya sayar da albasarsa a Galmi, da matar da ke riƙe da gadon marayu, da ma'aikacin da ya yi shekara goma yana tara kuɗin kujerar hajji. Idan irin waɗannan kuɗi suka salwanta, aure kan mutu, zumunci kan yanke, har maƙwabta su daina gaisawa a ƙofar masallaci saboda wane ne ya kai wane.

Ba mu ce kowane kamfanin kuɗi maƙaryaci ne ba, domin akwai masu aiki bisa doka da gaskiya, kuma al'umma na bukatarsu. Nufinmu shi ne mu ba mai karatu ma'aunin da zai rarrabe da shi. Kuma a sani, a cikin darasin nan idan muka ce riba muna nufin ƙarin da ciniki ke haifarwa, wanda yake halal. Wadda Alƙur'ani ya haramta kuwa za mu kira ta kuɗin ruwa, don kada a samu ruɗani.

Asalin wannan darasi

Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta umarci muminai da su yi bincike idan fasiƙi ya zo musu da labari, don kada su aikata abin da za su wayi gari suna nadama a kansa. Malaman tafsiri da yawa sun ambata cewa ta sauka ne game da labarin da aka kawo a kan zakkar ƙabilar Banu Musɗaliƙ. Ka ga ke nan tun farko labarin dukiya ne.

A kan wannan asali malaman hadisi suka gina iliminsu. Idan an kawo musu magana sukan duba abu biyu: isnadi, wato mutanen da maganar ta biyo ta bakinsu, da matani, wato ita maganar kanta. A wurin mai ruwaya kuma suna neman sharaɗi biyu, adalci da kiyayewa, ma'ana ya zama mai gaskiya, kuma ya zama ya san abin da yake faɗa. An ruwaito cewa Imamu Malik, Allah Ya yi masa rahama, ya riski mutane da dama a masallacin Madina waɗanda ya yarda da amanarsu, amma bai karɓi hadisi daga gare su ba, domin ba fanninsu ba ne.

To, talla ita ma labari ce, kuma mai ba da ita yana da amfani idan an gaskata shi. A fiƙihu ba a karɓar shaidar wanda ke jawo wa kansa amfani da shaidarsa. Saboda haka duk abin da kamfani ya faɗa game da kansa da'awa ce, kuma hujja tana wuyan mai da'awa. Za mu auna ta da mas'aloli shida.

Mas'ala ta farko: wane ne mai maganar, kuma wa ya ba shi izini?

Abin da za a fara nema shi ne cikakken sunan kamfanin kamar yadda yake a takardun hukuma, da sunayen shugabanninsa, da inda ofishinsa yake, wurin da mutum zai iya takawa da ƙafarsa ya gani. Kamfanin da ba shi da komai sai lambar tarho da suna mai daɗin ji, to wannan a ilimin hadisi majahuli ne, kuma ba a kafa hukunci da ruwayar majahuli.

Sa'an nan a bambanta takarda biyu da ake yawan ruɗa mutane da su. Ta ɗaya ita ce rajistar kasuwanci, wadda ake kira RCCM, tare da lambar haraji ta NIF. Wannan ko mai shagon sayar da siminti yana da ita, kuma abin da take nunawa kawai shi ne kamfanin ya yi rajista. Ta biyu ita ce takardar izinin karɓar ajiyar jama'a, kuma ita ce ake magana. A ƙasarmu da sauran ƙasashe bakwai da muke tarayya da su a kuɗin sefa na yammacin Afirka, izinin banki yana bi ta hannun Ministan Kuɗi da babban banki BCEAO, wanda cibiyarsa ke Dakar, da Hukumar Sa Ido kan Bankuna da ke Abijan. Ƙananan asusun ajiya da bashi su ma sai da izini, kuma a Nijar hukumar ARSM ce ke kula da su. Wanda zai kira jama'a su zuba jari ko su sayi hannun jari, sai da amincewar hukumar AMF-UMOA, wadda a dā ake kira CREPMF. Inshora kuma tana ƙarƙashin dokokin CIMA.

Waɗannan hukumomi suna fitar da jerin sunayen waɗanda suka ba izini. To, a je a duba can, kada a tsaya ga hoton takardar da kamfani ya nuna, domin buga takarda mai tambari yau ya fi dafa shayi sauƙi. BCEAO tana da ofishi a Yamai da Maraɗi da Damagaram, kuma mai tambaya ba ya ɓata. A lura da sunan harafi bayan harafi, domin ƴan damfara kan ari sunan kamfanin gaskiya su canja masa ɗan abu kaɗan. Idan kuma aka ce izinin daga Ingila yake ko Dubai ko wani tsibiri mai nisa, sai mu tambayi kanmu: ranar da kuɗi suka maƙale, a wace kotu mutumin Tasawa zai kai ƙara, kuma da wane kuɗin jirgi?

A watan Afrilu na 2025 kamfanin CBEX, wanda ya yi wa mutanen Najeriya alkawarin ninka musu kuɗi cikin kwana 30, ya rufe da kuɗin jama'a, kuma hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari a can ta bayyana cewa ba shi da rajista a wurinta. Wannan tambaya ce da kowa zai iya yi tun kafin ya zuba ko dala.

Duk da haka a sani, izini ba ya nufin ba za a yi hasara ba. Manyanmu suna tune da bankin BDRN, wanda na gwamnati ne, kuma aka rufe shi a 1990. Amfanin izini shi ne akwai mai binciken littattafai, akwai inda za a kai kuka, kuma akwai asusun lamunin ajiya na yankinmu da aka kafa a 2014, wanda aka ƙayyade masa biyan mai ajiya har sefa 1,400,000 a banki, da sefa 300,000 a ƙananan asusu, idan suka karye. Wanda ya kai kuɗinsa inda babu izini, ko wannan ba shi da shi.

Mas'ala ta biyu: a ɗora alkawarin a kan lissafi

Bayan isnadi sai matani. Malaman hadisi sun sanya daga cikin alamomin hadisin ƙarya a ji an yi alkawarin lada mai girman gaske a kan ɗan aiki kaɗan. Haka yake a harkar kuɗi.

Mu ɗauki alkawarin kashi 30 cikin 100 a kowane wata, wanda shi ne tsarin MMM ya yi wa mutanen Najeriya. Idan mutum ya zuba jika ɗari, wato sefa 100,000, ya bar ribar tana hawa kan uwar kuɗi, bayan shekara ɗaya zai samu sama da miliyan 2 da dubu 300. Bayan shekara biyu, sama da miliyan 54. Bayan shekara uku, sama da miliyar ɗaya, wato miliyan dubu. Bayan shekara biyar, sama da miliyar 680. Ya ɗan'uwa, wanda ya mallaki sana'ar da ke mai da jika ɗari miliyar 680 cikin shekara biyar, me zai sa ya bi ka har gida yana roƙon ka kawo naka? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Akwai wani ma'auni kuma. A 2014 an ƙayyade a yankinmu cewa banki ba zai ɗora wa mai bashi fiye da kashi 15 cikin 100 a shekara ba, ƙananan asusu kuma kashi 24. Ba mun kawo wannan don halatta kuɗin ruwa ba ne, Allah Ya tsare. Mun kawo shi ne don a yi tunani. Ɗan kasuwar da zai iya samun kuɗi a banki da kashi 15 a shekara, don me zai biya ka kashi 30 a wata? Amsa ɗaya ce: ko dai banki ya duba littattafansa ya ƙi shi, ko kuwa ba shi da niyyar biya.

Haka kuma tsarin da ake cewa kowa ya kawo mutum shida, su ma kowanensu ya kawo shida. Hawa na farko mutum 6, na biyu 36, na uku 216, na biyar 7,776. A hawa na goma ana bukatar sama da mutum miliyan 60, wanda ya ninka yawan mutanen Nijar gaba ɗaya sau biyu. A hawa na goma sha uku ana bukatar sama da miliyar 13, alhali mutanen duniya duka ba su kai haka ba. Saboda haka rushewar irin wannan gini tana cikin lissafinsa tun ranar da aka aza shi, kuma waɗanda ke ƙasa, su ne mafi yawa, su ake dannewa.

A tallar bashi ma a yi lissafi. Idan an ce kashi 3 kacal, a tambaya: a wata ne ko a shekara? Kashi 3 a wata kashi 36 ne a shekara tun kafin a haɗa kuɗin buɗe takarda da na inshora da tarar jinkiri. A nemi a faɗi jimillar abin da za a biya daga farko har ƙarshe, a rubuce.

Mas'ala ta uku: daga ina ribar take fitowa?

Duk riba ta gaskiya tana da uwa. Mai kai shanu kudu, da mai sayo wake a kaka ya sayar da bazara, da mai ɗauko kaya daga Kotonu, kowannensu zai iya gaya maka abin da ya saya, da nawa, da inda ya sayar. Kamfanin da ya kasa bayyana sana'arsa da harshen da ɗan kasuwar Maraɗi zai fahimta, sai dai ya ce sirri ne, ko na'ura ce mai basira ke yin cinikin ba ta kuskure, to wannan shi ne cinikin biri a sama. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cinikin garari, wato wanda ba a san haƙiƙanin abin da aka saya ko makomarsa ba, kamar yadda ya tabbata a Sahihu Muslim.

Wannan dabara tsohuwa ce. A 1920, a birnin Boston na Amurka, wani mutumin Italiya mai suna Charles Ponzi ya yi alkawarin kashi 50 cikin 100 a kwana 45, yana cewa yana cinikin takardun amsar wasiƙa na gidan waya tsakanin ƙasashe. Da aka yi lissafi sai aka ga kuɗin da ya karɓa suna bukatar irin waɗannan takardu kimanin miliyan 160, alhali waɗanda ke yawo ba su wuce dubu 27 ba. Ashe kuɗin sababbin shiga yake biyan tsofaffi da su. A watan Agusta na shekarar abin ya rushe, kuma har yau da sunansa ake kiran wannan damfara.

Tun daga nan kaya ɗaya ne ake sake wa buhu. A Rasha, Sergei Mavrodi ya kafa MMM, ta rushe a 1994; sunan nan kuma ya sake bayyana a Najeriya, aka daskarar da kuɗin mutane a watan Disamba na 2016, kuma hukumar NDIC ta ce kimanin mutum miliyan 3 sun yi hasarar naira miliyar 18. A ƙasar Albaniya, rushewar irin waɗannan kamfanoni a 1997 ta jawo tarzomar da aka kashe kimanin mutum 2,000 a cikinta, gwamnati ta faɗi. A maƙwabciyarmu Benin, kamfanin ICC Services ya rushe a 2010 da ajiyar mutane fiye da dubu ɗari, kuma sai a farkon 2019 kotu ta yanke wa shugabanninsa hukunci.

Daga nan za mu gane cewa maganar nan da ake yawan yi, wai ai wane ya zuba kuma an biya shi a gaban idona, ba hujja ba ce. Biyan na farko shi ne tsabar da ake watsa wa tsuntsu a bakin tarko.

Ko cinikin da yake na gaske ma yana da haɗarin da talla ke ɓoyewa. A 2014 hukumar kula da kasuwar kuɗi ta Faransa ta fitar da binciken da ta yi a kan kusan mutum 15,000 masu cinikin kuɗaɗen waje ta hannun dillalai masu izini, daga 2009 zuwa 2012, ta iske kashi 89 cikin 100 hasara suka yi. Daga 2018 aka tilasta wa irin waɗannan dillalai a Turai su rubuta a tallarsu kason abokan cinikinsu da ke hasara. Wanda ya nuna maka masu riba bai gaya maka adadin masu hasara ba, ya yi kamar mai tsibin abincin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa ciki ya iske jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, ya kuma ƙidaya wannan aiki a matsayin algus.

Mas'ala ta huɗu: da'awar cewa harkar halal ce

Wannan ita ta fi shafar mu, domin mutumin da ya guji banki don tsoron kuɗin ruwa, da ya ji an ce babu ruwa a ciki sai zuciyarsa ta kwanta. A ƙasar Masar, cikin shekarun 1980, kamfanonin juya kuɗi irin su Al-Rayyan sun tara dukiya mai yawa, har da ta ma'aikatan da ke neman kuɗi a ƙasashen Larabawa masu arzikin mai, da sunan kasuwancin Musulunci, suna ba da sama da kashi 20 cikin 100 a shekara. A 1988 gwamnati ta kafa doka mai lamba 146 wadda ta tilasta musu buɗe littattafansu, sai ga ramin ya bayyana, Al-Rayyan ya rushe, mutane suka yi shekaru suna bin haƙƙinsu. A 2019 haka ta sake faruwa a birnin Bangalor na Indiya da kamfanin IMA, wanda ya tara kuɗin dubban Musulmi da sunan jari na halal. Mai shi ya gudu zuwa Dubai, daga baya aka kama shi.

Maganin wannan yana cikin littattafan da muke karantawa a zaure. Muwaɗɗa tana da littafi guda a kan ƙiradi, kuma Risala da Muhtasar na Halil sun yi bayaninsa. Ƙiradi shi ne mutum ya ba wani jari ya yi fatauci da shi su raba riba. Daga sharuɗɗansa akwai cewa rabon kowa ya zama sanannen kaso na ribar da aka samu, kamar rabi ko sulusi. Idan aka yanke wa mai jari wani adadi tsayayye, kamar jika goma kowane wata ko an ci ko ba a ci ba, ƙiradin ya ɓaci, kuma Ibnul Munzir ya hakaito haɗuwar malamai a kan haka. Haka nan ba a ɗora wa mai juya kuɗi lamunin uwar kuɗi, sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare sharaɗi. Idan an faɗi, mai jari ya rasa dukiyarsa, mai juyawa ya rasa wahalarsa. Ƙa'idar ita ce wanda ke cin riba shi ke ɗaukar hasara.

To, dubi tallar da ke cewa: jarinka ba ya taɓuwa, ribarka tsayayya ce kowane wata, kuma halal ne. Waɗannan magana uku ba su haɗuwa. Idan uwar kuɗi lamuntacciya ce kuma ƙarin tsayayye ne, wannan bashi ne da ya jawo amfani, ko da an rubuta masa suna da Larabci. Mai irin wannan talla ko dai bai san fiƙihun abin da yake sayarwa ba, ko ya sani yana ɓoyewa, kuma kowanne daga ciki ya isa a bar shi.

Idan aka ce akwai majalisar malamai da ta amince, a tambayi sunayensu, a nemi fatawar a rubuce, a ga ko a kan wannan yarjejeniya aka ba da ita ko a kan wata, kuma a ji daga bakin malaman in da hali. Tun 2018 BCEAO ta fitar da ƙa'idoji na musamman ga bankuna da ƙananan asusun da ke son aiki bisa tsarin Musulunci, saboda haka kalmar halal ba ta ɗauke wa kowa neman izini.

Mas'ala ta biyar: ado da masu shaida

Kamfanoni kan yi ado da bene mai gilashi, da hotunan shugabansu tare da manya, da kyautar buhunan shinkafa a watan azumi, da mutanen da ke fitowa suna rantsuwa cewa sun yi mota da gida. Shari'a ta san wannan tun tuni. Ta hana najashi, wato mutum ya riƙa ƙara farashin kaya ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi mai saye. Kuma ta hana a ƙi tatsar dabba kwana da kwanaki don hantsarta ta cika a ɗauka mai nono ce. Mai shaidar da ake ba shi kamasho a kan kowane mutum da ya kawo, ɗan'uwan mai najashi ne. A tambaye shi kai tsaye: nawa kake samu idan na shiga?

Girman suna ma ba ya wadatarwa. Bernard Madoff ya taɓa shugabantar kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Amurka, kuma bai yi alkawarin abin mamaki ba, sai dai ribarsa ba ta faɗuwa ko kasuwa ta hau ko ta sauka, wanda shi kansa alama ce. Littattafansa kuwa wani ɗan ƙaramin ofishi mai mutum uku ke bincika su. Da aka kama shi a watan Disamba na 2008, takardun da yake aika wa mutane suna nuna kimanin dalar Amurka miliyar 65 waɗanda babu su, kuma da yawa daga cikin waɗanda ya cuta ƴan addininsa ne da ƙungiyoyinsu na agaji. An yanke masa shekara 150 a 2009. Saboda haka a tambaya: wane ne ke binciken lissafin kamfanin daga waje, kuma ina rahotonsa na shekara?

An ruwaito cewa wani mutum ya yabi wani a gaban Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun yi tafiya tare, ko sun yi mu'amalar dinari da dirhami. Da ya ce babu ko ɗaya, sai Umar ya nuna masa cewa bai san shi ba. Ganin mutum a sahun farko dalili ne na kyautata masa zato a addininsa, amma miƙa masa gadon marayu yana bukatar sanin da ya wuce haka.

Mas'ala ta shida: rubutu, da ƙofar fita

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Kada a ba da kuɗi sai da yarjejeniya a rubuce mai ɗauke da sunan kamfani da sa hannu, kuma wanda ba ya karanta Faransanci ya kai wa wanda ya amince da shi, ba wanda kamfanin ya kawo ba. A duba ko abin da aka faɗa da baki yana cikin takardar. A duba kuma inda kuɗin za su shiga: idan aka ce a tura su ta lambar salular wani mutum, ba asusun kamfani ba, a tsaya.

Sa'an nan a tambayi yadda ake fita tun kafin a shiga. Idan mutum ya nemi kuɗinsa aka ce sai ya biya wani haraji ko kuɗin tantancewa tukuna, to ya sani ana neman a ƙara yankarsa ne, kada ya bi hasara da wata hasara. Haka nan duk mai cewa yau ne ƙarshe, ko gurbi ya kusa cika, ko kada ka gaya wa kowa, tsoro yake ka yi shawara. Ciniki na gaskiya yana jure kwana uku na tambaya da istihara.

Nauyin da ke kanmu

Muna kira ga limamai da masu wa'azi da shugabannin ƙungiyoyi da kada su ba irin waɗannan mutane lasifikar masallaci, kada su tsaya a hoto da su, kuma kada kyautar tabarma ko injin wuta ta rufe musu baki, domin talaka idan ya ga malam a wuri ya gama bincikensa. Wanda ya kira mutane zuwa ga abin da bai bincika ba yana da rabo a alhakinsu, kuma aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi.

Wanda ya riga ya shiga, ya daina kawo kowa daga yau, ya adana duk takarda da saƙon da ke hannunsa, ya kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma, kada kunya ta hana shi, domin shirunsa ne ke ba su damar kama na gaba. Wanda kuma ya karɓi fiye da abin da ya zuba a tsarin da ya tabbata damfara ne, ya sani wannan ƙarin ajiyar wani bawan Allah ce, kuma aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna da ɓarna. Ya nemi malamin da ya san fiƙihun mu'amala ya nuna masa yadda zai sauke wannan haƙƙi.

Kuma kada a ɗauka darasin nan yana cewa a binne kuɗi a tukunya. Hanyoyin halal suna nan: ƙiradi da ɗan kasuwar da aka sani bisa sharuɗɗansa a rubuce, da kiwo, da tarayya a gona, da adashi tsakanin mutanen da suka san juna, inda ake ƙirga kuɗi a gaban kowa. Ribarsu ba ta kai ta talla ba, kuma akan faɗi wani lokaci, amma mai su ya san inda dukiyarsa ta kwana. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sa'an nan ya dogara ga Allah, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Bincike kafin a ba da kuɗi shi ne wannan igiya.

Muna roƙon ƴan'uwa su karanta wannan darasi ga iyalansu da waɗanda ba su iya karatu ba, musamman mata a cikin gidaje da matasa masu riƙe da salula. Allah Ya wadata mu da halal ɗinSa ga barin haram, Ya sanya albarka a cikin kaɗan ɗinmu, Ya mayar wa waɗanda aka cuta da mafificin alheri, Ya shiryi masu cutar ko Ya kare al'umma daga sharrinsu. Allah ne Mafi sani.